Nana Asma'u Ɗiyar Shehu: Malamar Da Ta Mai Da Hanyar Ziyara Makaranta

Duk wanda ya taɓa zama a Sakkwato ya san Hubbare. Nan ne makwancin Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, kuma da wuya rana ta fito ta faɗi ba a ga baƙi a ƙofar wurin ba. Wasu daga ƙauyukan kusa suke, wasu daga Kano ko Zariya ko Adamawa, wasu ma sun ƙetaro ne daga Nijar. In ka lura da kyau za ka ga mata suna da yawa cikin masu ziyarar, musamman dattijai, suna tafe ƙungiya-ƙungiya. To wannan ba haka kawai ya faru ba. Kusa da Shehu akwai kabarin ɗiyarsa, Nana Asma'u, kuma ita ce ta share wa matan karkara wannan hanya. Da yawa cikinmu mun san sunanta ne a allon wata makaranta ko ɗakin kwanan ɗalibai mata. Amma in aka ce mu faɗi abin da ta yi, sai kallon-kallo. Shi ya sa muka ga ya dace wannan fitowar mu tsaya a kanta.

Daga Degel zuwa Gudu

An haifi Nana Asma'u a Degel, cikin ƙasar Gobir ta wancan zamani, wajen shekarar 1793. Yau garin yana cikin Ƙaramar Hukumar Gwadabawa. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta. Namijin aka sa masa Hassan, kuma bisa al'ada da Hussaina za a kira ta. Sai Shehu ya zaɓa mata sunan Asma'u, sunan ɗiyar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah (SAW) da mahaifinta guzuri lokacin hijira. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, sauran matan Shehu suka riƙe ta.

Gidan da ta tashi ciki gidan karatu ne, maza da mata. Shehu bai yarda a bar mace cikin jahilci ba. Tun yana yawon wa'azi mata na halartar majalisinsa, har wani malami mai suna Mustafa Goni ya soki abin, ƙanensa Abdullahi ya mayar masa da amsa a waƙe. A littafinsa Nurul Albab kuwa, Shehu ya zargi malaman da ke koyar da ɗaliban waje don neman suna, su bar matansu da 'ya'yansu mata ba su san ko hukuncin alwala ba. Ka ga ke nan yarinyar da ta tashi a irin wannan gida ba za a tsaya tambayar ko za ta yi karatu ba. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi fiƙihu da tauhidi da tasawwufi a kan ɗariƙar Ƙadiriyya, ta kuma iya rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Tana da kimanin shekara 11 zaman lafiya ya ƙare. Dangantaka ta yi tsami tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, a watan Fabrairu na 1804 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Aka ɗora littattafai bisa dabbobi, mata da yara suka bi da ƙafa. A watan Yuni aka gwabza a Tafkin Kwatto, jama'ar Shehu suka yi nasara. Amma kafin ƙarshen shekarar aka sha kashi a Tsuntsuwa, inda aka rasa mutane da yawa, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Daga nan sai yawo da yunwa da annoba, zuwa ƙasar Zamfara, zuwa Gwandu a 1805. Sai a 1808 Alƙalawa, babban birnin Gobir, ya faɗi. Duk wannan a idonta aka yi. Ta ga yadda yaƙi ke barin zawarawa da marayu, kuma wannan bai fita ranta ba har ƙarshen rayuwarta.

Sifawa, Boɗinga, Sakkwato

Ɗaliban da ke zuwa makaranta daga Shagari ko Horo Birni ko Yabo, wannan ɓangare naku ne, don kuna ratsa wuraren da za mu ambata a duk farkon zango. Bayan ƙura ta lafa, Shehu ya baro Gwandu ya zauna a Sifawa wajen 1810, ya koma ga abin da ya fi so, wato karantarwa da rubutu. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga, kusa da shi. Ɗansa Muhammadu Bello kuwa tun 1809 ya soma gina Sakkwato. A zaman Sifawa ne, a 1812, Shehu ya raba ɗawainiyar daula gida biyu: yamma a hannun Abdullahi, gabas a hannun Bello. Wato hanyar nan da muke bi a motar haya muna gyangyaɗi, a kanta aka tsara tafiyar da daular da ta kai har Adamawa da ƙasar Nufe.

A wannan lokaci Asma'u ta riga ta yi aure. An ɗaura mata da Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima wajen 1807, aminin Bello na ƙut-da-ƙut, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Shi ne ya karɓi baƙuncin Baturen nan Clapperton da ya zo Sakkwato a 1824. Daga sunansa unguwar Giɗaɗawa ta samo suna, kuma zuriyarsa ce ta ci gaba da riƙe sarautar Waziri. Ɗansu Abdulƙadir ya gaji mahaifinsa a wannan kujera.

Shehu ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a watan Afrilu na 1817, aka binne shi a gidansa. Gidan nan shi ne ya zama Hubbare. Asma'u na da shekara 24 a lokacin. Ita da mijinta suka duƙufa wajen kiyaye tarihin Shehu: tattara rubuce-rubucensa, da rubuta abin da suka gani da wanda suka ji. Giɗaɗo ya rubuta Raudul Jinan a kan rayuwa da karamomin Shehu. Ita kuma ta tsara tarihin hijira da yaƙe-yaƙen jihadi a waƙar Fulatanci, wadda ƙanenta Isa ya mayar Hausa, aka san ta da Waƙar Gewaye. Mai sauraren waƙar yakan ji wuraren ɗaya bayan ɗaya, kamar ana riƙe da hannunsa ana zagayawa da shi.

Matsalar da takobi bai warware ba

Cin yaƙi daban, gyaran mutane daban. Bayan jihadi, ƙauyuka sun cika da mutanen da suka shigo ƙarƙashin daular amma ba su san addinin ba sai sama-sama. Akwai matan da aka kamo a yaƙi aka rarraba gidaje. Mafi yawansu Hausa kaɗai suke ji, alhali littattafan malamai da Larabci suke, wa'azin gidan Shehu kuma galibi da Fulatanci. In ciwo ya kama yaro, ko haihuwa ta zo da gardama, ko kishi ya hana barci, wurin 'yan bori mace ta sani. A Gobir ma akwai sarauta guda ta mace, Inna, wadda ke shugabantar bori, ana jin tsoronta ana kuma girmama ta.

Malamai maza ba su da hanyar shiga cikin gidajen mutane su koyar da matan aure. Matan auren kuma ba za su bar miji da yara su tafi birni neman karatu ba. Nan fa gizo ke saƙa. Asma'u ta duba ta ga abu biyu. Na farko, mata na son zuwa Sakkwato neman albarkar Shehu, ko da ba wanda ya kira su. Na biyu, mace na iya haddace doguwar waƙa tana daka ko tana kaɗi, ba ta buƙatar allo ko fitila. Sai ta haɗa biyun.

'Yan Taru da jajinsu

Tsarin da ta kafa, tsakanin shekarun 1830 da 1840, shi ake kira 'Yan Taru. A gari ko ƙauye akan sami dattijuwa mai hankali da riƙon amana, a naɗa ta jaji, wato jagorar tawaga. Asma'u da kanta ke naɗa ta, ta ba ta malfa da jan ƙyalle na naɗawa. Dubi hikimar: irin wannan shiga mutane sun saba ganinta a kan Innar Gobir. Ta ɗauki alamar da matan karkara suka riga suka sani suna girmamawa, ta ɗora ta a kan malama. Duk wanda ya hango malfar nan a hanya ya san tawagar masu neman ilimi ce, ya kauce ya ba su girma.

Waɗanda ke tafiyar su ne dattijai da suka wuce ɗawainiyar goyo, da 'yan mata da ba su kai aure ba. Matan aure na gida, su ake yi wa ɗaukowa. Tawaga kan taso da ƙafa, jaji na gaba, har Sakkwato ko Wurno, garin ribaɗin da Sarkin Musulmi Bello ya zauna. Sukan zo da sadaka gwargwadon hali: hatsi, zuma, man shanu, zane. Asma'u kan rarraba wa mabuƙata, makafi da guragu da marayu. Su kuma su zauna gabanta su karɓi karatu, su kawo tambayoyinsu da na waɗanda suka aiko su, su haddace sabuwar waƙa. In sun koma gida sai jaji ta bi ɗaki-ɗaki tana biya wa matan aure. Bayan karatu, 'yan taru ke wankan gawar mata, su duba marar lafiya, su taimaki mai jego, su sasanta rigima.

In muka faɗe shi da harshen makaranta, manhaja ce cikakkiya. Akwai gajeriyar waƙa da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114, ta yi ta da Fulatanci a 1829, daga baya aka same ta da Hausa. Akwai waƙoƙin tauhidi, da hukuncin salla da azumi, da tarihin Annabi (SAW), da tsoratarwa kan ranar hisabi. Ta mayar da waƙar mahaifinta zuwa Hausa, wadda muka sani da Tabbat Haƙiƙa, mai jan kunnen masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa kan zalunci. Ta rubuta Tabshirul Ikhwan da Larabci a 1839 kan neman waraka da ayoyin Alƙur'ani, don mace ta sami inda za ta dafa in ta bar bori. Da wanta Bello ya rubuta littafi kan salihan mata, ita ta tsara shi a waƙe, aka sami Tawassuli Ga Mata Masu Albarka. Cikinta ta ambaci matan Annabi da 'ya'yansa, da irin su Rabi'atul Adawiyya, sannan ta ƙara da malamai mata na ƙasarta waɗanda masu saurare suka sani ido da ido. Saƙon a fili yake: matsayin nan ba na matan Makka da Basra kaɗai ba ne, maƙwabciyarki ma ta kai.

Abin da ya iso gare mu na rubutunta ya kai wajen 60, tun daga Tanbihul Gafilin na 1820. Da yawa marsiyyoyi ne. Ta yi wa baffanta Abdullahi da ya rasu a 1829, ta yi wa Bello da ya rasu a Wurno a 1837, ta yi wa mijinta. Amma ba manya kaɗai ta yi wa ba. Ta yi wa wata maƙwabciyarta Halima, ta yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u. Abin da take yabo a cikinsu kusan guda ne: haƙuri, sada zumunci, kyauta, son karatu. Sarauta da dukiya ba su dame ta ba. Sunanta ya kai nesa, har malamai daga ƙasar Shinƙiɗi, Muritaniya ta yau, sun yi musayar rubutu da ita.

Ziyara a nan da sauran duniya

Tafiya da ƙafa zuwa wuri mai alfarma ba mu kaɗai muka san ta ba. 'Yan Tijjaniyya daga ƙasar nan na zuwa Fas a Maroko, inda kabarin Shehu Ahmadu Tijjani yake, suna zuwa Kaulaha a Senegal wurin Shehu Ibrahim Inyas. Muridawa na cika garin Tuba duk shekara. Ko a wajen Musulunci haka abin yake. A jihar New Mexico ta Amurka akwai wani ƙaramin cocin Katolika a ƙauyen Chimayo, an gama gina shi a 1816, shekara guda kafin rasuwar Shehu. Duk Juma'ar da ke gaban bikin Ista dubban mutane ke takawa zuwa can, galibi jikokin masu jin Sifaniyanci da 'yan asalin yankin da ake kira Pueblo, waɗanda tun kafin zuwan Turawa suke ɗaukar wurin a matsayin wurin waraka. A cikin cocin akwai ɗan rami, kowa ya ɗebi ƙasa ya kai gida.

Mun kawo wannan ne don a ga inda Asma'u ta bambanta. Ko'ina mai ziyara yana son ya koma gida da wani abu a hannu. Ita abin da ta ɗora wa baƙinta su kai gida shi ne karatu, kuma karatu ba ya ƙarewa in an raba shi. Mace guda ta taka zuwa Sakkwato, mata ashirin su amfana a ƙauye.

Mun san maganar ziyarar kabari na ta da jijiyar wuya a tsakaninmu, a masallacin makaranta da ɗakunan kwana. Wannan fili ba na fatawa ba ne, malamai na nan. Abin da tarihi ya nuna dai shi ne, Shehu da kansa ya rubuta Ihya'us Sunna yana gargaɗi kan bidi'o'i, har da waɗanda ake yi a maƙabarta, kuma ɗiyarsa a wannan makaranta ta tashi. Ba ta kori matan da suka zo neman albarka ba, ba ta kuma bar su su koma yadda suka zo ba. Duk ɓangaren da mutum yake a wannan muhawara, akwai abin koyi a nan.

Bayan rasuwarta

Nana Asma'u ta rasu a 1864, tana da shekara 70 da 'yan kai, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Aikin bai mutu da ita ba. Ƙanwarta Maryam, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ta ci gaba da jagorancin 'Yan Taru, bayanta kuma wasu matan gidan suka karɓa. Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sarauta ta canza, kotu ta canza, haraji ya canza, amma jaji ba ta fasa ɗaukar malfarta ba. Jean Boyd, wata Baturiyar Ingila da ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta tarar da 'yan taru suna nan suna zuwa Hubbare. Ta yi bincike da taimakon Waziri Junaidu, wanda ke riƙe da takardun gidan, ta fitar da tarihin Asma'u a 1989. A 1997 ita da Beverly Mack suka buga tarin rubuce-rubucenta da fassarar Turanci. Yau ana karanta ta a jami'o'in Turai da Amurka. Abin kunyar shi ne, wani ɗalibi a can ya fi wani ɗan Sakkwato sanin ta.

Ina namu?

'Yan'uwa ɗalibai, ga inda maganar ta shafe mu. Jiharmu na cikin waɗanda ake yawan ambata in ana zancen yara mata da ba sa zuwa makaranta. Ba sai an kawo mana alƙaluma ba, kowa ya tuna 'yan ajinsu na firamare, ya ƙirga mata nawa suka kai sakandare, nawa suka iso nan. Har yanzu akwai mai cewa karatun mace baƙon abu ne da Bature ya kawo. Wanda ya san tarihin Asma'u ba zai bari a faɗi haka a gabansa ba, don tun kafin Bature ya kafa aji guda a ƙasar nan, ɗiyar Shehu na da malamai mata a ƙauyuka.

Sannan mu dubi kanmu. Mu ma duk zango muna barin garuruwanmu mu zo birni neman ilimi, mu koma hutu. Tafiyar 'yan taru ke nan, sai dai mu a mota. Tambayar ita ce, me muke kai wa gida? Mai karanta kimiyyar gwaje-gwaje ya san abin da ruwa marar tsabta ke yi wa yaro. Mai karanta aikin gona ya san yadda ake adana hatsi kada ƙwari su ci. Mai karanta lissafin kuɗi zai iya nuna wa innarsa yadda za ta rubuta shiga da fitar sana'arta. Amma sau nawa muke zama mu faɗa musu da Hausar da za su gane? Wani ma in ya koma sai ya riƙa jefa Turanci don a san ya sha boko. Asma'u ta fi mu Larabci nesa ba kusa ba, amma da ta tashi koyar da matan ƙauye, da harshensu ta yi musu magana.

Ga 'yan'uwanmu mata kuma, ke da kika samu kika iso nan, ki sani akwai ƙanne da maƙwabta da ke kallon ki. In kin je hutu, tara yara biyar a zaure ko tsakar gida, ki duba musu karatu. Ki zauna da mahaifin da ke shirin cire ɗiyarsa daga aji, cikin ladabi, ki ba shi labarin ɗiyar Shehu. Ba a buƙatar malfa kafin a yi wannan.

Ƙungiyar ɗalibai ma na iya shirya fita ta ilimi: Sifawa, Boɗinga, Hubbare, Wurno, in hali ya yi har Degel, tare da malamin tarihi da zai yi bayani a kowane zango. Kuɗin mota ne kawai da niyya.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u da mahaifinta da sauran magabatanmu, Ya sa mu amfana da abin da muke karantawa, Ya kuma amfanar da wasu ta hannunmu. Amin.